Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Reshenmu na Ƙungiyar Direbobi da Ma'aikatan Tasha, Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe ciyaman, iyayenmu dattawan tasha, 'yan'uwa direbobi, 'yan kamasho, masu yankan tikiti, yaran mota da bakanikanmu, ina gaishe ku da aiki. Wannan shi ne bayanin abin da reshenmu ya yi a shekarar 2024, daga ofishin sakatare. Lissafin kuɗi ba ya ciki, domin ma'aji da mai binciken kuɗi sun rubuta nasu daban, an kuma manna shi a allon ofis. Duk mai katin ƙungiya yana da ikon ya je ya duba, ya tambayi inda bai gane ba.

Kafin komai muna yi wa 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara addu'a, na kan hanya da na gida. Allah ya jiƙan su, ya raya abin da suka bari. Mun halarci jana'izar kowannensu, mun kai wa iyalai gudummawar da aka saba. Haka kuma mun aika wakilai ta'aziyya bayan gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa cikin watan Oktoba, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri a watan Satumba, direbobinmu na wannan layi sun yi ta ɗaukar buhunan tufafi da abinci na taimako ba su karɓi ko sisi ba. Ba mu muka sa su ba, su suka zo suka ce a rubuta sunayensu. Allah ya saka musu da alheri.

Ba sai na tuna muku yadda shekarar ta kasance ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ba mu sake samun natsuwa ba, kuma a Oktoban bana litar fetur ta haura naira 1,000. Fasinja ya ragu, mota takan wuni a layi ba ta cika ba, mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa da daddare. Wannan ne ya sa buƙatun da suka zo ofis suka fi na bara yawa nesa ba kusa ba: kuɗin magani, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, gyaran injin da ya buga. Ba duka muka iya biya ba. Mun fifita rashin lafiya da marayu, kuma ina neman afuwar waɗanda aka ce su dakata. Adashenmu na mako bai tsaya ba ko sau ɗaya, wannan kuwa abin a yaba wa masu riƙe da littafinsa ne. A azumi an ci gaba da kunun buɗa-baki a masallacin tasha. Lokacin da aka sa dokar hana fita a Kano farkon Agusta, baƙin direbobi da fasinjojin da dokar ta rutsa da su a nan suka kwana, matasanmu suka yi gadin ƙofa, masu abinci suka dafa musu bashi, ƙungiya ta biya daga baya.

Kwamitin sulhu ya zauna a kan rigingimun layi da na balas kamar kullum, kuma mafi yawansu a rumfar ciyaman suka ƙare ba a kai ga ofishin 'yan sanda ba. An taimaka wa masu sabunta lasisi. An yi zaman faɗakarwa kan gudu da lodin da ya wuce kima kafin Sallah ƙarama da babba.

Hayaƙi da ƙura

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana, wanda kuma ya fi jawo mana musu, shi ne na iskar da muke shaƙa a cikin tasha. Zan ɗan tsawaita a nan, domin har gobe akwai masu ganin wannan ba hurumin ƙungiya ba ne.

Asalin maganar wani dattijonmu ne ɗan kamasho, wanda yawancinmu a tashar nan muka tarar da shi. Bai taɓa shan taba ba. Cikin hunturun bara tari ya kama shi, ana ta ba shi zuma da citta, har ta kai ba ya iya kiran fasinja sau uku a jere sai ya dafa mota ya huta. Ni na raka shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi shekara nawa yana busa sigari. Ya ce ko ɗaya. Likita ya ce to wace sana'a yake yi. Da ya faɗa, sai likitan ya ajiye biro ya ce, "Baba, awa nawa kake yi a bayan mota kullum?" Muka lissafa tare, daga sallar asuba zuwa bayan magariba. A hanyarmu ta dawowa ya nuna mini hankicinsa. Fari ne ya fito da shi daga gida da safe, amma duk inda ya kai shi hanci ya yi baƙi kamar an goge gindin tukunya.

Ku je ku shafa bangon rumfar tikiti da yatsa. Abin da ya maƙale a yatsanku shi ne yake shiga ƙirjin yaron da ke zaune a wurin. Direba yana cika mota ya kama hanya, iska ta kaɗa shi. Wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ba ya zuwa ko'ina: ɗan kamasho, mai tikiti, mai shayi, mai faci, matan da ke tuwo da yaransu a goye, da almajiran da ke wanke kwanuka.

Mun gayyaci wata ma'aikaciyar lafiya ta yi mana bayani a taron wata, kuma abin da ta faɗa ya dace a ajiye shi a rubuce. Baƙin hayaƙin da ido ke gani tari da majina suna fitar da wani sashe nasa. Na ɓoye ya fi haɗari, wato ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30. Suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini, shi ya sa illarsu ba ta tsaya ga asma da tari ba, tana kaiwa ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na huhu. A 2021 hukumar ta rage ma'aunin da take ganin ya dace na wannan ɓurɓushi daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, domin an gano ko kaɗan ɗin ma yana cutarwa. Akwai kuma iskar da ke fita daga salansa da janareta wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, ita ce kuma ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Direban da salansarsa ta huje a ƙarƙashin kujera, ya rufe gilashi saboda sanyi, ya kama hanyar Zariya da asuba, ya sani ransa da na fasinja yake wasa da su.

Daga nan kwamitin zartarwa ya yanke cewa duk motar da ke kan lodi a kashe injinta, kada a bar ta a silo. An sha muhawara. Wasu suka ce fasinja ba ya shiga motar da ba ta kunne, gani yake ba yanzu za ta tashi ba. Wannan gaskiya ne idan kai kaɗai ka kashe, amma idan layi gaba ɗaya a kashe yake, fasinja ba shi da wani zaɓi sai ta kan layi. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba mu hango ta ba da farko: da yawa daga cikin motocinmu batirinsu ya mutu ko kik ɗinsu ya lalace, idan aka kashe sai da turi. Mutumin da bai haɗa kuɗin cefane ba, ba za ka ce masa ya sayi sabon batir yau ba. Saboda haka muka jingine maganar tara, ƙungiya ta sayi batir na ajiya da wayar jona wuta aka ajiye a ofis, aka kuma buɗe rancen batir da ake cirewa kaɗan-kaɗan daga adashe. Tsadar mai ita ma ta taya mu, domin duk wanda ya gwada ya ga abin da ya rage masa a tanki bai sake neman a roƙe shi ba.

A layin ƙananan motoci dokar ta zauna. A layin manyan bas masu shan dizal har yanzu da saura, musamman da sanyin safiya, inda ake barin inji yana ɗumi fiye da yadda yake buƙata. Kuma gaskiya ita ce nan ne hayaƙin ya fi baƙi.

Mun sake tsarin fakin yadda bayan motoci zai daina fuskantar rumfunan abinci da ƙofar masallaci. Wannan bai ci mana komai ba sai fenti da haƙurin mako biyu, amma masu abinci sun ce shi ne canjin da suka fi ji a jikinsu. An hana ƙona shara da leda a cikin tasha, an hana ƙona taya don ɗumi ko don cire wayar ciki, an hana zubar da baƙin mai a kwata. Masu gwada inji bayan gyara an mayar da su can ƙarshen fili. Sai dai a ƙarshen Oktoba, da Arewa ta shiga duhu kwana da kwanaki, masu cajin waya da masu sanyaya ruwa kowa ya tada janareta a bakin shagonsa, muka koma gidan jiya. Mun zauna da su, an amince a tara janaretocin waje guda a bayan katanga. Wasu sun bi, wasu suna tsoron ɓarayi, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai mun gina musu keji mai kwaɗo.

Hazon hunturu kam ba mu da iko da shi. Ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, daga Nuwamba har wajen Maris. Abin da ke hannunmu shi ne ƙurar filin tasha da tayoyi ke tayarwa. Mun gwada yayyafa ruwa safe da yamma, kuɗin 'yan garuwa ya gagare mu, muka daina. An raba takunkumi, kuma ina roƙon matasa su daina jin kunyar sa shi. Na ƙyalle yana tare ƙura mai kauri ne kawai, mai lamba N95 shi ke tare ɓurɓushin nan idan ya zauna daidai a fuska. Ba mu da kuɗin saya wa kowa, don haka muka fara da masu tikiti da 'yan kamasho.

An yi gwajin lafiya a harabar tasha, an auna hawan jini, an karɓi majinar masu tari. Wasu an tura su asibiti, kuma sirrinsu yana nan a rufe. Ina maimaita abin da aka gaya mana ran nan: tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada a ce hayaƙi ne kawai a zauna a gida.

Mun rubuta wa ofisoshin da abin ya shafa muna neman abu uku: a zo a auna iskar tasha da na'ura, a shimfiɗa wa filin kwalta ko bulo, a riƙa kwashe shara a kan kari. Wani ofishin ya amsa ya turo mutum ya zagaya, wani har yau shiru, kuma za mu sake komawa. Mun nuna musu cewa ba alfarma muke roƙo ba. Tun 2011 hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli take da ƙa'idoji kan hayaƙin motocin fetur da dizal, kuma a Yunin 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa lafiyayyen wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. Mun kuma faɗa ƙarara cewa ba za mu yarda wannan kuka namu ya zama sabuwar hanyar tare direba a titi ana cin sa tara ba. Hayaƙin mota ba daga direba kaɗai yake ba, har da irin man da ake sayar masa. Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda da dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. A tabbatar man da ke gidajen mai ya cika wannan sharaɗi, a sauƙaƙa kayan gyara, sannan a zo a yi mana maganar gyaran ringi da nozil na inji.

Game da mayar da mota mai amfani da gas ɗin CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023, 'yan'uwa da yawa sun tambaya. Hayaƙinsa ya fi sauƙi, kuɗinsa ma haka, kuma muna goyon baya. Amma mai doguwar tafiya sai ya san inda zai sake cikawa, tukunyar kuma tana cin gurbin kaya a but. Abin da muka hana shi ne tukunyar da aka haɗa a wurin mai walda. Irinta ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na Jihar Edo cikin Oktoba. Duk motar da aka ga irin wannan tukunya a cikinta ba za ta hau layinmu ba.

A babban taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan abu biyu: ware wani kaso na kuɗin tikiti don asusun lafiya da rajistar inshorar 'yan ƙungiya, da kuma ko a fara cin tarar barin inji a silo ga wanda ya riga ya karɓi rancen batir. Masu abinci da masu shaguna ba su da katinmu, amma kwamiti ya amince wakilansu su zauna su yi magana ranar. Dattijon da na ba ku labari yana gida yana shan magani, an ɗauke masa kiran fasinja, ana kai masa kasonsa duk Juma'a. Masu son zuwa dubiya su same ni a ofis bayan la'asar mu tafi tare.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Reshe