Wasiƙa zuwa ga 'yata kan tallafin asibitocin karkara

'Yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mahaifiyarki ta shaida mini an sa ki a kwamitin da zai raba tallafin gwamnati ga asibitocin karkara da suka durƙushe. Allah ya taya ki riƙo. Shekara 27 na yi ina riƙe da littafin kuɗin irin wannan asibiti, don haka ki yi haƙuri da surutun tsoho.

Za a ajiye miki takardu masu nuna yawan marasa lafiyar da kowane asibiti ya duba a wata, a ce da su za a yi rabo. Kada ki yarda da wannan mudu shi kaɗai. Ƙaramin asibiti, ko mutum 5 suka zo a yini ko 50, albashin ungozoma bai canza ba, firjin allurar rigakafi ba a kashe shi, motar ɗaukar marasa lafiya sai an zuba mata mai. Asibitin birni cinkoso ke rufa masa asiri. Na ƙauye kuwa jama'arsa ba yawa, akasari talakawa da tsofaffi, mai ɗan hali a cikinsu ya wuce birni. Magani ya yanke, mutane su daina zuwa, lissafi ya sauka, a rage kuɗi, magani ya ƙara yankewa. Daga nan wani a ofis ya rubuta cewa ba a bukatar asibitin, alhali mace mai naƙuda da tsakar dare ba ta da inda ya fi shi kusa.

Ƙasashe masu arziki ma sun sha wannan. A 1997 Amurka ta ware ƙananan asibitocin karkara waɗanda gadajensu ba su da yawa, kuma suke nesa da wani asibiti, inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, ta koma biyansu gwargwadon abin da suka kashe. Tailan kuma, tun 2002, tana ba asibitin gunduma kuɗi bisa yawan mutanen da aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba. Ki karanta duka biyun kafin zamanku na farko.

Ki kuma yi hattara da son gini. Na taɓa ganin an yi mana sabon ɗakin kwanciya, aka shafa fenti, aka yanke kyalle, aka tafa. Ba a turo ma'aikacin jinya ko ɗaya ba, ƙarshe jemagu ne suka tare a ciki. Gini yana fitowa a hoto, albashi da magani ba sa fitowa, shi ya sa ake mantawa da su.

Alkawari kuwa ba ya wuya. Shugabannin Afirka sun amince a Abuja a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, ƙalilan ne suka cika. Saboda haka ɗan abin da ya zo hannunku, ki dage ya shiga asusun asibitin kai tsaye, a kan lokaci, a kuma manna adadinsa a bango kowa ya gani.

Kafin ki sa hannu a komai, ki je ko asibiti ɗaya ne, da dare, ba sanarwa. Ki buɗe firjin, ki tambayi ungozoma yaushe rabonta da albashi. In kin dawo ki kira ni, ina son jin abin da ta ce.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki