Kafin ka kama sitiyari a Ingila

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, na ji ka ce in ka sauka motar haya za ka ɗauka don kada ka takura mini. To madalla, amma bari in ja maka kunne tukuna.

Lasisi ba shi ne damuwa ba, baƙo yana iya tuƙi da na ƙasarsa har wata 12. Abin tsoron shi ne sabo. A nan hagu ake bi, sitiyari yana dama, giya kuma da hannun hagu ake sa ta. A makona na farko, duk sanda na kai hannu zan canja giya sai in ji na daki ƙofa. Cikin cunkoso da sauƙi, na gabanka kawai za ka bi. Titin da babu kowa shi ke rudar mutum. Wata asuba na fito daga gidan mai, hankalina yana wani wuri, na miƙe abina a hannun dama, sai ga fitilun babbar mota tsakar idona. Allah ne ya kiyaye. Na fi minti goma a gefen hanya, ƙafata tana rawa a kan birki.

A shataletale, wanda ke zuwa ta damanka shi ke da hanya. Ka jira shi ko da na baya sun ƙosa. Ba ma za su dame ka da ham ba, mutanen nan ba su cika danna shi ba.

Lambobin iyakar gudu da ke kan alluna mil ne a awa, ba kilomita ba. Cikin gari yawanci 30, wato wajen kilomita 48, babbar hanya kuma 70. A Wales, maƙwabciyar Ingila a cikin Birtaniya, tun Satumbar 2023 aka mai da na unguwanni 20. Kuma kyamara ce ke gadi, ita kuwa ba ta san "yallaɓai a yi haƙuri" ba. Takardar tara kamfanin hayar za ta tarar, su kuma su ɗora maka ladan wahalarsu a kai. Riƙe waya kana tuƙi, ko a danja kake tsaye, tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a kan lasisinka.

Hanyoyin ƙauye ne ban yarda da su ba. Doka ta ba ka 60, amma hanyar siririya, shinge ya rufe kowace kwana, kana karyawa ka ci karo da tarakta. Ga shi a Disamba za ka zo, ƙarfe huɗu duhu ya fara, da safe kuma ƙanƙara ta kwanta a kwalta ido bai ganinta.

Tsakiyar Landan kam ka bar wa jirgin ƙasa, kuɗin shiga da na fakin ba su da daɗin ji.

In za ka ɗauki motar, nemi mai canja giya da kanta. Turo mini ranar saukarka, ni zan zauna kusa da kai kwana biyun farko.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum.