Gaisuwar Sallah daga Manchesta zuwa Yakasai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Umma, barkanku da shan ruwa, barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. A gaishe min da Gwaggo, da Kawu na Fagge, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta.

Mun sauko daga idi wajen ƙarfe goma. A Ingila ba a ba da hutun Sallah, tun farkon azumi na roƙi kwana ɗaya a wurin aiki. A wani babban lambu mai suna Platt Fields muka yi salla, ciyawa jiƙe sharkaf, ga 'yan Pakistan, ga Somaliyawa da Larabawa, ga mu Hausawa 'yan ƙalilan. Na sa farar shaddar da Umma ta aiko, na ɗora rigar sanyi a kai. Da liman ya sallame sai kunnena ya tsaya jiran bindiga da kakaki, kamar yadda muke ji in an taso daga filin idin Ƙofar Mata. Shiru. Kowa ya kama hanyar motarsa, ni kuwa ƙwalla ta cika min ido. Da ina gida, gobe da la'asar ina Ƙofar Kudu ina jiran hawan Daushe. To, gobe ina sito ina jera kwalaye, alhamdu lillahi.

Baba, daren ashirin da bakwai da muka yi waya kun tambaye ni wane irin karatu ne wannan da yake hana ni barci bayan na taso aiki. Na yi ta kame-kame a lokacin, abin ya tsaya min a rai. Yau ina da sarari, bari in ba ku amsa yadda ya kamata.

Ina koyon rubuta wa kwamfuta umarni ne da wani yare mai suna Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Duk watan nan a kan abu guda muke, wanda suke kira fankishan. Ni dai injin niƙan bayan layinmu nake tunawa. Mai injin ba ruwansa da ko hatsin wane gida ne. A kawo gero ya ba da garin gero, a kawo dawa ya ba da garin dawa, kuma ba a sake ƙera inji don kowane kwano. Bakin da ake zuba hatsin shi ne faramita. Garin da aka juye maka a kwanonka shi ne sakamakon da fankishan ke mayarwa. Sau ɗaya za ka rubuta shi, ka raɗa masa suna, daga nan ko sau dubu ne sai dai ka kira sunan.

Na farko da na rubuta da kaina, ba wanda malami ya ba mu ba, saboda ku na yi shi. Na tuna yadda kuke zama a zaure a jajibere, kuna ƙirga mutanen gida da yatsa kafin a auna zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai, har jaririn goye. Ga shi:

def zakka(mutane):
    return mutane * 4

Layi biyu ke nan. Na ba shi 13, adadin gidanmu in an haɗa da ni, ya mayar min da 52. Na ba shi gidan Kawu, na ba shi gidan Gwaggo, bai gaji ba, bai yi kuskure ba. Na san wannan lissafi ne da kuke gamawa a ka kafin in buɗe kwamfutar, amma wallahi a ranar, farin cikin da na yi ya fi na ranar da na karɓi albashina na farko.

Inda na sha wuya shi ne wannan kalma ta return, wadda ke sa fankishan ya mayar maka da sakamako. Akwai wata, print, wadda ke nuna amsa a fuskar kwamfuta, ni kuma na ɗauka duk ɗaya ne, tunda da idona ina ganin 52 ta fito. Sai na so in ɗauki amsar in ninka ta da farashin hatsi don in san kuɗin, kwamfuta ta ƙi. Dare uku ina fama, har na kusa rasa sahur sau ɗaya. Ashe fankishan ɗin da ba a ce masa ya mayar da komai ba, abin da yake miƙo maka shi ne None, wato babu. Kamar mai inji ne ya niƙa hatsinka, ya ɗago garin ya nuna maka ta taga, ka gani ka yaba, amma ka koma gida da kwano wayam. Da me Umma za ta tuƙa tuwo? Wata dattijuwa da muke aji ɗaya, ta haura sittin, ita ta leƙo ta nuna min layin da yatsa. Tun daga ranar, duk abin da zan rubuta sai na fara tambayar kaina abu biyu: me za a zuba masa, me zai juye a kwano?

Auta, wannan naki ne. Kwamfutar da na aiko ta hannun abokin Yaya kada ta zama ta kallon fim kawai. Na turo naira 18,000 ta goron Sallar yara tara na gida, ke za ki raba, amma ki fara rubuta wannan:

def rabo(kudi, yara):
    return kudi // yara

Faramita biyu ne a nan, kuma jerinsu ba abin wasa ba ne. Ki ba shi 18000 sannan 9, zai ce 2000. Ki juya su, 9 a gaba, zai ce 0, kuma ba zai yi miki ko tari ba, domin shi a wurinsa kin ce ne a raba naira tara ga yara dubu goma sha takwas. Irin wannan kuskuren na shiru ya fi ba ni tsoro a kan wanda kwamfuta ke yi wa ihu da jan rubutu. Daga nan ki gwada sa 0 a gurbin yara ki ga abin da zai faru, ki yi tunanin yadda za ki tare shi. Kada ki nemi amsa a intanet, ki turo min taki ko da ba daidai ba ce. In kina son karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da gaske, daga nan ake farawa.

Wani abu kuma da zai ba Baba sha'awa: a jami'ar garin nan ne, ranar 21 ga Yuni 1948, kwamfuta ta fara gudanar da shirin da aka ajiye a cikin ƙwaƙwalwarta. Jaririya suke ce mata, ga ta kuwa ta cika ɗaki. Umarni 17 ne kacal a shirin, ta shafe minti 52 kafin ta ba da amsa. Na je gidan tarihi na ga kwatankwacinta da aka sake ginawa, na daɗe a tsaye ina tuna marinar Ƙofar Mata da ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, inda ake miƙa farin ƙyalle a karɓo baƙi mai sheƙi.

Umma, kada ku damu da cin abincina. Matar wani ɗan Zariya ta yi mana waina da miyar taushe, mu takwas muka haɗu a falonsu. Ta yi daɗi, sai dai ba daddawar Gwaggo a ciki. In an samu mai tahowa, a ƙullo min ita da ɗan yaji da kuka.

Nan da mako uku za mu yi jarrabawa, wanda ya ci za a tura shi koyon aiki na wata shida a wani kamfani. Ina roƙon ku sa ni a addu'a, Baba, musamman bayan asuba. Auta ta ɗauko min hoton yaran cikin kayan Sallarsu kafin su ɓata su da alewa.

Wassalam,
ɗanku da ke kewarku.