Da Ɗanmasani ne NPN ta tsayar a 1978

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina kan wata magana da dattawanmu ke yawan tayarwa a majalisun cikin gari. Cewa suke yi da a ce Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ne ya samu tutar takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar NPN, da Kano ta juya masa gaba ɗaya a zaɓen 1979. Ni ban yarda ba, amma akwai wani abu a cikin maganar da ba a cika lura da shi ba.

A taron NPN na Disamba 1978 a Legas, Shehu Shagari ne ya zo na farko, Ɗanmasanin Kano na biye da shi, sai Adamu Ciroma. Ba wanda ya samu rinjayen da ake buƙata, amma kafin a shiga zagaye na biyu Ɗanmasani ya janye. To, mu ƙaddara bai janye ba kuma ya ci.

Da wa zai kara a gida? Da Malam Aminu Kano na jam'iyyar PRP. Kano ta wancan lokaci, haɗe da Jigawa, ta PRP ce ciki da bai, ita ce ta ba Abubakar Rimi gwamna. Talakan da ya sha ɗauri tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, ba zai saki Malam don tsohon ministan jam'iyyar NPC irin Ɗanmasani ba, komai zaƙin bakinsa, kuma Allah Ya sani Ɗanmasani yana da baki. Mu Kanawa ma ba mu cika zaɓen mutum don ɗan gida ne kawai ba. A 1993 ai Abiola ne ya kada Bashir Tofa a nan Kano.

Sai dai NPN ba cin Kano take nema ba, kashi 25 cikin ɗari kawai take so, domin sai ɗan takara ya samu wannan kaso a biyu bisa ukun jihohi kafin a ce ya ci. Shagari ya samu wannan kaso a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Daga nan aka shiga rigimar sha biyu da biyu bisa uku, inda lauya Richard Akinjide ya ce biyu bisa ukun jihohi 19 ba 13 ba ne, sha biyu ne da biyu bisa ukun jiha ta 13, don haka abin da Shagari ya samu a Kano ya wadatar. Awolowo, ɗan takarar jam'iyyar UPN, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta tabbatar wa Shagari ranar 26 ga Satumba 1979, kwana biyar kafin rantsuwa.

Ratar kashi biyar ce da 'yan ɗigo. Wannan kam ina ganin Ɗanmasani zai cike ta, da 'yan kasuwa da masu sarauta da mutanen da ya yi wa hidima. Da haka ta faru, da jiha ta 13 ta samu salin alin, babu lissafin lauya, kuma da Jamhuriya ta Biyu ba ta fara da tabon da 'yan UPN suka riƙa goranta mata da shi ba.

Inda nake da shakka shi ne Sakkwato. Can ne rumbun ƙuri'un Shagari, kuma GNPP ta Waziri Ibrahim tana da mutane a jihar. Abin da Ɗanmasani zai ƙara a Kano yana iya zubewa a can. Ina fata masu karatu daga Sakkwato da suka ga zaɓen da idonsu za su rubuto su faɗa mana ko da sun bi Bakano.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano