Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Ajin Firamaren Garinmu

Assalamu alaikum. Tambaya ta yi yawa a kan inda kuɗin gudunmawa suka shiga, shi ya sa muka fito da wannan bayani. Littafin shige da fice da rasidai suna hannun ma'aji, kuma Maigari ya duba su. Duk wanda ya ba da ko sisi yana da haƙƙin zuwa ya gani.

Manya sun san tarihin ajin nan. Iyayenmu sun taso daga tsohon gari ne lokacin aikin madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, suka sari daji suka kafa wannan wuri. Da shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976 aka samu ɗaki ɗaya tak, malami ɗaya, manya a baya, ƙanana a gaba kan tabarma. Shi ya sa taron farko ya ƙi yarda a rushe shi, aka tsaya a kan sauya rufi kawai.

Ranar da kafinta ya yaye kwano lissafi ya canja. Gara ta cinye katakon har yatsa na nutsewa ciki, bangon gabas kuma, wanda ke shan dukan ruwa da iska kowace damina, ya tsage tun daga tushe, filasta ce kawai ta rufa masa asiri. Birkila ya ce ba zai ɗora sabon rufi a kansa ba, mu ma ba za mu zaunar da 'ya'yan mutane ƙarƙashinsa ba. Dole aka sauke bangon, aka sake haƙa tushe, aka tashe shi da bulon siminti, aka zuba linta da rodi. Wannan ya faɗo a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Masu cewa da mun jira farashi ya sauko, ina yara za su zauna idan ruwa ya sauka ɗaki na buɗe? Kwano mai kauri da ake ta magana a kai, da gangan muka zaɓe shi, domin mai arha, iska ɗaya ke naɗe shi. Katakon ma sai da aka shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ke kasuwanci a Kano, wanda ya ɗauki nauyin kwanon gaba ɗaya kuma ya hana a faɗi sunansa. Allah Ya saka masa da Aljanna, Ya jiƙan mahaifansa. Haka iyayenmu mata da suka ba da kwasar adashensu, da matasan da suka yi gayyar yashi da ruwa.

Aiki fa bai ƙare ba. Babu ƙyauren taga, babu benci, yara na zaune kan daɓe. Babu banɗaki, abin da ke sa 'yan mata da sun fara tasawa su daina zuwa. Mai buhun siminti ɗaya, mai falanki, mai kwanon masara bayan girbi, don Allah ya kai wa ma'aji a ƙofar Maigari, a ba shi rasidi nan take.