Mata na tara kuɗi, amma takardar sunan wa take ɗauke da shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan shirin da kuka watsa makon jiya game da tanadin tsufa. Baƙon naku ya ce maza sun fi mata zuba jari saboda mata na tsoron kasada, ba sa son kuɗinsu su yi nisa da bakin zanensu. Maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni malamar makaranta ce mai ritaya a nan Tawa, kuma shekara 12 ke nan ina riƙe da ɗaya daga cikin makullai uku na akwatin ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara. A ƙasarmu Nijar aka haifi wannan tsari na tanadi da rance, a jihar Maraɗi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kafin wasu ƙasashe su ɗauka. Kowace Alhamis muna zama a kan tabarma, kowa ta zuba nata, mai bukata ta karɓi rance. Malam, matar da ta ci bashin jika 30 ta sayi ɗan rago, ta yi wata biyar tana ba shi dusa da harawa tana jiran Layya, alhali ta san ciwon dare ɗaya na iya kayar da shi, ita ce za a kira matsoraciya?

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka buɗe akwati aka raba. Na ga inda kuɗin ke tafiya. Kayan ɗakin ɗiya. Biki da suna, domin wadda ta kawo miki jiya dole ki mayar mata yau. Takardar magani. Sai hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, mai gida kuma yana Abijan ko Libiya bai aiko ba tukuna, abin da kowane gida a Adar ya sani. Namiji kuwa in ya dawo daga biɗa da ɗan abin hannu, fili yake saya, ko gonar albasa a fadama, ko saniya ya ba makiyayi. Kuɗinsa su kwanta a ƙasa suna ƙara daraja, nata su yi ta zagaye cikin tukunya. Ba don ya fi ta wayo ba. Don ita ce ta toshe ramukan gida ya samu sararin saya.

Yayata ta yi shekara 28 tana tuyar ƙosai. Da adashenta aka sayi siminti da kwanon ɗakuna uku a filin mijinta. Da Allah ya yi masa rasuwa aka sayar da gidan miliyan 8. Tumunin matan aure miliyan ɗaya, su biyu ne, kowa ta tashi da jika 500. Ba ni da ja da rabon gado, hukuncin Allah ne. Malamin da ya raba ma sai da ya tambaye ta ko tana da shaida cewa ta zuba kuɗi a ginin, domin ana fitar da haƙƙin mai haƙƙi kafin a taɓa gado. Ba shaida, ba takarda. Ta ce ita kunya ta hana ta kiran mutane a kan abin da ta yi wa uban ƴaƴanta. Yau tana ɗakin da surukinta ya ba ta, gwiwoyi sun ƙi, ba ta iya zama gaban kasko.

Kun daɗe a shirin kuna bayanin fansho, na CNSS, wato asusun ma'aikatan kamfanoni, da na ma'aikatan gwamnati. Bayani ne mai kyau, ni ma da shi nake ci. Amma mu nawa ne? A ƙungiyarmu mu 25, ni kaɗai ce na taɓa cin albashi. Mai sayar da fura, mai kitso da ƴar aikin gida ba wanda ya taɓa zuba musu ko dala. Wadda mijinta ma'aikaci ne ma, rabon gwauruwa daga fanshonsa raba shi ake yi tsakanin matan, kuma sai da takardar aure da ta haihuwar yara. Na san waɗanda sai bayan takaba suka fara neman waɗannan takardu.

Ba na wanke mu mata gaba ɗaya. Kwanukan da muke jerawa har rufin ɗaki, da atamfofin da ke kwance cikin akwati, ranar bukata ko rabin kuɗinsu ba sa mayarwa. Gara zinariya, gara jar akuya mai haihuwa. Na sha faɗa a zamanmu cewa mu ware wani kaso da ba a taɓawa a rabon shekara, mu haɗa mu sayi fili ko da a bayan gari ne, kowa da sunanta a rubuce. Wasu sun yarda, wasu na tsoron abin da mai gida zai ce, alhali Musulunci bai haɗa dukiyar mace da ta mijinta ba.

Roƙona shi ne ku sake shirin. Ku gayyato malami ya faɗa da bakinsa cewa mace na da ikon mallakar fili, kuma kafa shaida tsakanin miji da mata ba rashin kunya ba ne. Ku kawo wani daga hukumar filaye ta COFO da ma'aikatar magajin gari su bayyana yadda ake yin takardar gona da ta fili, da abin da ake biya. Ku sa mace mai riƙe da akwati a teburin, ba a waya ba. Kuma don Allah ku watsa shi bayan sallar isha'i, domin da hantsi waɗanda maganar ta shafa suna kasuwa ko bakin murhu.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
wata malama mai ritaya, Tawa