Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan jinkirin na'urorin wifi

Assalamu alaikum alhazai da hajiyoyi, malamai da sauran abokan hulɗarmu na nan Damagaram da kewaye.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne saboda ƙorafin da ke iso mana cewa mutum ya biya kuɗin na'urar wifi amma yana ta zirga-zirga bai karɓa ba, ga farashi kuma ya tashi. Har mun ji ana raɗe-raɗi a Kasuwar Dole wai da gangan muke kushe tsofaffin na'urori don mu sayar da sababbi. Wannan magana ta sosa mana rai, domin ba a san mu da haka ba.

Mafi yawanku kun san ba ma miƙa na'ura yadda ta fito daga kwali. Mukan cire manhajar da kamfani ya zuba mata mu sa OpenWrt, wadda aka gina a kan babbar manhajar kwamfuta ta Linux, kyauta ce, kuma tun 2004 masu aikin sa kai a faɗin duniya suke gyara ta a bainar jama'a. Da ita muke raba intanet daidai, ta yadda yaro ɗaya mai saukar da bidiyo ba zai katse wa maigida kiran WhatsApp ba, da ita kuma muke ware wifin baƙi daga na ofis.

Sai dai ba kowace na'ura ke karɓar ta ba, kuma a nan matsalar take. Masu ƙera na'urorin sukan canja kayan ciki su bar suna da kwali yadda suke, ba abin da zai nuna maka sai 'yar takardar da aka manna a ƙasan na'urar, inda lambar samfurin, misali v3, ta koma v4. Mun rubuta wa dillalinmu na Kano lambar da muke so baro-baro, ya ce ya fahimta, amma da kaya suka sauka muka kifa su ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar da wata lamba dabam. Duk wanda ya tura wa na'ura manhajar da ba tata ba, na'urar na iya mutuwa, ya zauna yana kallon fitila ɗaya tana ƙyaftawa. Ba za mu yi caca da kuɗinku ba. Mayar da kayan kuma sai da kuɗin mota da na duwan da asarar canjin sefa zuwa naira, alhali tun rufe iyakar Nijar da Najeriya da aka yi a 2023 kuɗin dakon kaya bai koma mana yadda yake ba, duk da an buɗe ta a 2024.

Batun tsofaffin na'urori ma ba son zuciyarmu ba ne. Masu ma'ajiyar megabait 4 da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32 an daina tafiya da su bayan fitowar OpenWrt mai lamba 19.07, wadda ita ma aka daina toshe mata kafofin tsaro a 2022. Yanzu masu manhajar da kansu suna ba da shawarar na'ura mai ma'ajiyar megabait 16 da ƙwaƙwalwar aiki megabait 128.

Muna ci gaba da magana da dillalin, muna kuma duba wasu hanyoyi, kuma da yardar Allah za ku ji daga gare mu ba da daɗewa ba.

Godiyarmu ta musamman ga Alhajinmu na Zango da yake tare da mu tun muna rumfa, da Hajiya ta Birni da ba ta taɓa kai na'urarta wani wuri ba, da malaman Jami'ar André Salifou masu turo mana ɗalibansu. Allah ya bar zumunci. Wanda haƙurinsa ya ƙare, muna roƙon ya zo shago da takardar shaidar biyansa mu zauna mu yi magana, kafin ya saurari ta waje.

Naku a kullum,
Mai shago da yaransa